Gwajin Nama: Tarar Sankarar Bututun Abinci Tun Ba Ta Iso Ba

Jawabinmu na yau ya shafi wata gaɓa ta jiki wadda kowannenmu ke mora safe da yamma, amma da wuya a ji an ambace ta sai ran da ta ƙi aiki. Watau bututun abinci, hanyar nan da loma ke bi daga maƙoshi, ta gangara ta cikin ƙirji, har ta faɗa tumbi. Akwai sankara, wadda aka fi sani da ciwon daji, da kan kama wannan bututu, tana kuwa cikin mafiya muni, domin yawancin masu ita ba su zuwa asibiti sai haɗiya ta fara gagara, alhali a lokacin cutar ta riga ta yi nisa. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum wajen 604,000 ne suka kamu da ita a duniya, wajen 544,000 kuma suka mutu. Duk wanda ya dubi kusancin waɗannan alƙaluma biyu ya san ba ƙaramar cuta ba ce.

Amma fa sankara ba ta faɗo wa mutum rana ɗaya. Kafin ta tabbata, fatar da ke shimfiɗe a cikin bututun takan yi shekaru tana sauyawa kaɗan kaɗan, ba tare da mai ita ya ji kome ba. In aka gano sauyin a wannan tsakani, ana iya kawar da shi, mutum ya ci gaba da cin tuwonsa lafiya. Hanyar ganowa kuwa ita ce a gutsuro ɗan nama daga wurin a duba shi da madubin likita. Wannan shi ne gwajin nama, wanda ma'aikatan asibiti ke kira bayofsi.

Yadda bututun yake

Tsawon bututun abinci na baligi kimanin santimita 25 ne, watau wajen inci 10. Cikinsa shimfiɗe yake da wata fata mai santsi, fara-fara, irin ta cikin kumatu. Ƙwayoyin halittar wannan fata faifai-faifai suke, an jera su hawa bisa hawa, don su jure gogar abinci. Shi kuwa tumbi wata fata daban gare shi, ja, mai ƙwayoyi dogaye a tsaitsaye, masu fid da majina wadda ke kāre shi daga ruwan tsamin da yake narkar da abinci da shi. A inda bututu ya haɗu da tumbi akwai wani zoben tsoka mai aiki kamar zariyar bakin jaka: ya saki loma ta wuce, sa'an nan ya tsuke.

In wannan zobe ya yi sanyi, ko kuwa wani sashe na tumbi ya turo sama ta kafar tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sai ruwan tsami ya riƙa tasowa cikin bututu. Shi ne ƙwannafin da kowa ya sani, zafin ƙirji da ɗaci ko tsami a baki, musamman bayan an ci mai maiƙo an kwanta. Ƙwannafi na jefi-jefi ba abin damuwa ba ne. Wanda ake magana a kansa shi ne na kullum, mai shekara da shekaru. Fatar bututu ba a yi ta don tsami ba. Tana ƙonewa tana warkewa, tana ƙonewa tana warkewa, har a jikin waɗansu mutane ta gaji, ta sake kama, ta koma ja mai dogayen ƙwayoyi irin na tumbi ko na hanji. Wannan sabuwar fata ita ake kira shimfiɗar Barrett.

Sunan na wani likitan fiɗa ne, Norman Barrett, haifaffen Ostareliya, wanda ya yi aiki a Asibitin St Thomas da ke Landan. A 1950 ya bayyana wannan jan wuri, amma ya ɗauka tumbi ne aka jawo cikin ƙirji saboda bututun ya zo gajere tun haihuwa. A 1953 waɗansu likitoci biyu na birnin Leeds, Allison da Johnstone, suka nuna cewa bututun ne kansa ya sake fata. Barrett ya yarda da maganarsu a 1957, sunansa kuwa ya riga ya manne wa abin.

Shimfiɗar Barrett ba sankara ba ce, wannan sai a riƙe shi da kyau. Ita dai ƙasa ce wadda sankara kan iya tsirowa a cikinta, kuma ba kasafai take tsirowa ba. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Denmak, aka buga a 2011, ya bi mutum fiye da 11,000 masu wannan shimfiɗa, ya tarar cewa a kowace shekara ɗaya da ɗan ɗoriya ne cikin dubu ke kamuwa da sankara. Mafi yawansu za su tsufa su mutu da wani sanadi daban. Aikin likita shi ne ya tsamo 'yan kaɗan ɗin nan da fatarsu ta kama hanyar lalacewa daga cikin ɗimbin waɗanda tasu ke zaune lafiya. Ido ba ya iya wannan tankaɗe, hoton ƙirji ba ya iyawa, gwajin jini ma haka. Sai nama.

Leƙawa da gutsurowa

Da farko akan leƙa bututun da wata na'ura mai kama da igiya, mai lanƙwasuwa, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba, da fitila da ƙaramar kyamara a bakinta. Wani likita haifaffen Afirka ta Kudu, Basil Hirschowitz, shi da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka ƙera irinta ta farko mai lanƙwasuwa sosai a 1957, shi da kansa kuma ya fara haɗiye ta kafin ya sa wa majiyyaci. Kafin wannan, da sandar ƙarfe miƙaƙƙiya ko mai ɗan lanƙwasa ake leƙen, wahalarsa kuwa ba a magana.

Wanda za a yi wa leƙe yakan bar cin abinci na awa shida zuwa takwas, don tumbi ya zama fayau. Lalle ne ya gaya wa likita in yana da ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ko yana shan maganin tsinka jini irin su asfirin da wafarin, kada kuma ya daina shansu da kansa sai an ce masa. Akan fesa masa maganin kashe zafi a maƙoshi, wani lokaci a ƙara da allurar kwantar da jiki. Ya kwanta ta gefen hagu, a sa masa ɗan zoben roba tsakanin haƙora, a zura na'urar a hankali. Numfashi ba ya tsayawa, gama hanyar iska daban take da hanyar abinci. Aikin duka bai cika wuce minti goma zuwa ashirin ba.

Likita zai ga inda farar fata ta ƙare, ja ta fara. Ga mai lafiya wannan iyaka tana daidai bakin tumbi, kimanin santimita 40 daga haƙoran gaba. In jan ya hauro sama da santimita ɗaya ko fiye, ko ya zagaye bututun ko ya miƙo kamar harsunan wuta, sai a yi zaton shimfiɗar Barrett. Likita zai auna tsawon inda ya zagaye da kuma iyakar inda harshe mafi tsawo ya kai, bisa ƙa'idar da masana suka fitar a 2006 wadda ake kira ma'aunin Prague, domin likitan da zai sake dubawa bayan shekaru ya san ko wurin ya ƙaru.

Daga nan sai gutsura. Akwai wata 'yar kafa a jikin na'urar wadda ake zura ɗan hantsaki ta ciki, a tsinko nama wanda bai fi ƙwayar gero ko dawa ba, milimita biyu zuwa uku. Mutum ba ya jin zafin tsinkar, domin fatar wurin ba ta da irin jijiyoyin jin yanka da ke fatar hannu. Ɗan jinin da ke fita yakan tsaya da kansa, wurin kuma ya warke cikin 'yan kwanaki.

A nan ne ƙwarewa take, a nan ne kuma aka fi yin sake. Lalacewar da ake nema ba ta game shimfiɗar duka. Takan ɓuya a ɗan wuri ɗaya wanda sau da yawa bai bambanta da maƙwabtansa a ido ba. Mai sayen hatsi da ya san ciniki ba ya duba bakin buhu kaɗai, sai ya soka ƙarfen ɗiba sama da tsakiya da ƙasa. Haka likitoci na Jami'ar Washintan da ke birnin Siyatil suka tsara, har ƙa'idar ta ɗauki sunan birnin. Da fari a gutsuro duk inda aka ga ƙullutu, ko gyambo, ko wani canjin launi, a sa shi kwalba daban. Sa'an nan a bi shimfiɗar daga ƙasa zuwa sama, a kowane santimita biyu a tsinko daga kusurwa huɗu, gaba da baya, dama da hagu. In an riga an san akwai lalacewa, sai a matse tazarar ta koma santimita ɗaya. Ke nan mai shimfiɗar santimita shida za a iya ɗebar masa gutsure goma sha biyu ko fiye. Kada wannan yawa ya tsorata kowa. Wanda aka tsinko masa biyu kacal daga doguwar shimfiɗa aka ce masa lafiya lau, shi ne ya kamata ya yi tambaya. Na'urorin zamani suna da wani haske na musamman mai fito da zanen jijiyoyin jini, waɗansu likitoci kuma kan fesa ruwan khal mai rauni don wurin da ya lalace ya fito fili, amma duk wannan taimako ne wajen zaɓen inda za a tsinka. Hukunci yana ga madubi.

In likita ya tarar bututun ya yi jawur da ƙuna da gyambo saboda tsami, yakan ba da magani na wajen mako takwas tukuna, sa'an nan a sake leƙawa. Dalili kuwa, nama mai kumburi yana ruɗin mai dubawa, kamar yadda za mu gani.

A ɗakin bincike

Da an tsinko nama sai a jefa shi cikin kwalbar ruwan fomalin don kada ya ruɓe, a rubuta sunan mai shi da daidai wurin da aka ɗebo, a aika ɗakin binciken nama. Can za a tsane ruwan jikinsa, a dasa shi cikin kaki, in ya daskare a yanka shi da wata na'ura mai kaifi ƙwarai, yanka mai sirantar da haske ke ratsawa, wajen kashi huɗu cikin dubu na milimita. A shimfiɗa a kan gilashi, a rina da rini iri biyu: ɗaya ya mai da cibiyar kowace ƙwayar halitta shuɗiya, ɗayan ya mai da sauran jikinta ja-ja. Wannan aiki yakan ci kwanaki, shi ya sa sakamako ba ya fitowa ran da aka yi leƙe. Mako ɗaya ko biyu ba jinkiri ba ne.

Likitan binciken nama, wanda majiyyaci ba ya ko ganinsa alhali maganarsa ce ke yanke hukunci, tambaya biyu yake yi wa gilashin. Ta farko, wace irin fata ce wannan? Yana neman waɗansu ƙwayoyi masu siffar tulu, cike da majina, waɗanda asalinsu na hanji ne. Likitocin Amurka ba su kiran abu shimfiɗar Barrett sai sun ga waɗannan; na Ingila kuwa sun yarda da sunan ko babu su, muddin an ga jar fata a bututu, ko da yake su ma sun san mai ƙwayoyin hanji ya fi zama abin sa ido.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi: ƙwayoyin suna kan tsarinsu, ko sun fara bauɗewa? Wannan bauɗewa ita likitoci ke kira disfilasiya. Lafiyayyun ƙwayoyi a jere suke kamar sahu, kowace da ƙaramar cibiyarta a gindi, suna kuma nuna yayin da suke haurowa daga zurfin fata zuwa samanta. Masu bauɗewa cibiyarsu takan ƙara girma, ta yi duhu, ta bar gindi, su cunkushe suna hawan juna, su yawaita rabuwa, har a saman fata ma ba su nuna ba. Duk da haka ba su keta iyakar da ke ƙarƙashinsu ba. Ran da suka keta ta suka shiga naman ƙasa, sunan ya tashi daga bauɗewa ya koma sankara.

Amsar da za ta dawo ɗaya ce cikin huɗu. Ko a ce babu bauɗewa. Ko a ce ba a tabbatar ba. Ko bauɗewa ƙarama. Ko bauɗewa babba. Jin “ba a tabbatar ba” yakan ɓata wa mutane rai, su ga kamar an ci kuɗinsu a banza. Ba haka ba ne. Ƙwayoyin da ke ƙoƙarin warkar da ƙuna su ma cibiyarsu kan kumbura ta yi duhu, har su yi kama da masu bauɗewa. Mai gaskiya a nan shi ne wanda ya ce a kashe tsamin da magani, a sake gutsurowa cikin wata shida.

Ya kamata jama'a su san cewa karatun gilashin nan aikin ido ne da hankali, kuma masana kansu sukan saɓa, musamman a kan bauɗewa ƙarama. A ƙasar Holan an tattara gilasan mutum 147 waɗanda aka ce suna da ita, aka ba ƙwararru biyu suka sake dubawa, aka buga sakamakon a 2010. Kashi 85 cikin ɗari aka sauke su zuwa babu bauɗewa ko ba a tabbatar ba. Amma 'yan kaɗan ɗin da ƙwararrun suka tabbatar, wajen kashi 13 cikin ɗari nasu ne ke wucewa zuwa babbar bauɗewa ko sankara kowace shekara, alhali waɗanda aka sauke ba su kai ko kashi ɗaya ba. Saboda haka ƙa'ida a yau ita ce, duk gilashin da aka ce yana da bauɗewa, sai likitan nama na biyu ya duba ya sa hannu kafin a yi wani aiki. Majiyyaci yana da ikon ya nemi haka, ba rashin kunya ba ne, ba kuma raina likita ba ne. Gilashin da kakin suna ajiye, ana iya aika su wani asibiti ba sai an sake leƙe ba.

Abin da ke biyo bayan sakamako

Wanda ba a ga bauɗewa a namansa ba, akan ɗora shi a kan maganin rage tsami irin su omefirazol, a shawarce shi ya rage teɓa, ya bar taba, ya daina kwanciya da cikakken ciki, ya ɗaga kan gadonsa. Akan ce ya dawo leƙe bayan shekara uku zuwa biyar, gwargwadon tsawon shimfiɗar. Ko wannan zirga-zirga tana ƙara kwana ga kowa da kowa, magana ce da ake kan tattaunawa: wani gwaji a Birtaniya mai mutum fiye da 3,400, wanda aka buga a 2025, bai sami bambancin yawan mace-mace ba tsakanin waɗanda ake leƙawa duk shekara biyu da waɗanda ake leƙawa sai in sun ji alama. A ganina darasin da ke ciki shi ne, leƙen farko da aka yi a tsanake, da isasshen nama, ya fi leƙe biyar na gaggawa.

Mai babbar bauɗewa kuwa ba a jira da shi, domin wajen shida ko bakwai cikin ɗari na irinsu kan kamu da sankara kowace shekara, wani lokaci ma tana nan ɓoye a gefe. A dā maganinsa babbar fiɗa ce, a yanke bututun a jawo tumbi sama a ɗinka. Yanzu ta cikin na'urar leƙen ake yi. In akwai ƙullutu, a ɗaga shi a yanke shi ɗungurungum, a kai wa likitan nama ya auna zurfinsa. Wannan yanka magani ne kuma gwaji ne. Sauran shimfiɗar kuma a ƙone samanta da zafin lantarki, in ta warke sai farar fata ta asali ta tsiro. Gwajin da aka buga a Amurka a 2009 ya nuna ƙunar ta kawar da bauɗewa a wajen 81 cikin ɗari na masu babba, da wajen 90 cikin ɗari na masu ƙarama. Wani kuma a Turai, na 2014, ya ɗauki masu ƙaramar bauɗewa tabbatacciya: cikin shekara uku, fiye da kashi 26 cikin ɗari na waɗanda aka bari ana sa musu ido sun wuce gaba, na waɗanda aka ƙone kuwa ba su kai kashi biyu ba. Bayan ƙuna ma akan ci gaba da leƙe, don shimfiɗar takan dawo.

Akwai kuma wata dabara da aka ƙirƙiro a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ɗan soso a cikin ƙwanson magani ɗaure da zare. Mutum ya haɗiye, ƙwanson ya narke cikin 'yan mintoci, a jawo soson ya shafo ƙwayoyin bututu. Tana taimakawa wajen zaɓen wanda za a leƙa, amma in ta nuna wani abu, gutsuren nama ne dai zai tabbatar.

Ɗaya nau'in, wanda ya fi kusa da mu

Shimfiɗar Barrett da sankarar da ke fita daga gare ta sun fi yawa ga Turawa, musamman maza waɗanda suka haura hamsin, masu teɓa, masu shan taba. A cikin baƙar fata ba su kai haka ba, ko da yake ana samu. Amma kimanin kashi 85 cikin ɗari na sankarar bututun abinci a duniya ba ta wannan hanya take zuwa ba. Daga farar fatar asali take tsirowa, ita ce kuma aka fi gani a Afirka, musamman daga Habasha da Kenya har Malawi da gabashin Afirka ta Kudu, da kuma arewacin Sin da Iran. Afirka ta Yamma ba ta kai waɗannan ba, amma ita ce dai nau'in da likitocinmu suka fi cin karo da shi.

Ba ruwan wannan da ƙwannafi. Abubuwan da ke jawo ta su ne taba, ta sha ko ta tauna, da giya, da ƙarancin 'ya'yan itace da ganyaye a abinci, da tsohuwar ƙunar soda, irin wadda kan sami yaran da suka sha ruwan sodar yin sabulu bisa kuskure. Haka nan a 2016 cibiyar nan ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo ta. Masu kurɓar shayi ko koko yana tururi sai su saurara masa ya ɗan huce. Laifin na zafin ne, ba na shayin ba.

Ita ma tana da matakin bauɗewa kafin ta zama sankara, ita ma da nama ake gane ta. Sai dai dabarar nemanta daban ce. Akan fesa ruwan aidin a cikin bututu. Lafiyayyar fata tana da wani irin sitaci da ke kama aidin ta yi baƙi-baƙi. Wadda ta bauɗe ta rasa shi, sai ta tsaya fara kamar tsibiri, likita ya gutsuro daga nan. A gundumar Linshiyan ta ƙasar Sin an bi mutum fiye da 600 har shekara 13 bayan an yi musu gwajin nama. Cikin masu ƙaramar bauɗewa wajen rubu'i suka kamu da sankara, cikin masu matsakaiciya rabi, cikin masu babba kusan uku bisa huɗu. Da wuya a sami shaidar da ta fi wannan nuna cewa abin da madubi ya gani yau yana faɗin abin da zai faru gobe.

Tsoron ƙarfe

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin mutanenmu, wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wannan magana ta hana mutane da yawa yarda a gutsuri namansu, ta kuma kai waɗansu kabari. Asalinta ba ɓoyayye ba ne: mutum ya zauna gida sai cuta ta ci ƙarfinsa, a kai shi asibiti a yi gwaji, bayan wata biyu ya rasu, sai a ɗora wa gwajin laifi. Tsinkar fatar bututu da hantsaki ba ta yaɗa sankara, ba ta kuma mai da bauɗewa sankara. Haɗarin leƙen da gutsurar, kamar zubar jini mai yawa ko hujewar bututu, ƙalilan ne ƙwarai. Duk da haka wanda ya koma gida ya ji ciwon ƙirji mai tsanani, ko zazzaɓi, ko ya yi aman jini, ya koma asibiti nan take. Wanda aka yi wa allurar kwantar da jiki kada ya tuƙa mota ko babur sai washegari, wanda aka fesa wa magani a maƙoshi kuma ya dakata da ci da sha kamar awa ɗaya.

Wa ya kamata ya nemi a duba shi? Ba kowane mai ƙwannafi ba. Amma wanda ya shekara biyar ko fiye yana fama da shi kowane mako, ga shi namiji, ya haura hamsin, ko yana da teɓa, ko yana shan taba, ko an taɓa samun wannan cuta a gidansu, ya dace ya kai maganar gaban likita maimakon ya dawwama a kan jiƙon kanwa da farin maganin kemis. Waɗannan suna kwantar da zafi, ba su gaya wa kowa halin da fata ke ciki. Abin lura ma, wani lokaci ƙwannafin yakan ragu bayan fatar ta sauya, saboda sabuwar ta fi jure tsami, sai mutum ya zaci ya warke.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su. In loma ta fara tsayawa a ƙirji, nama da tuwo tukuna, daga baya fura da kunu. In haɗiya na zafi. In mutum yana ramewa ba dalili. In ya yi aman jini ko bayan gida baƙi kamar kwalta. In jininsa na ƙarewa ba a san ta ina ba. Mai ɗaya daga cikin waɗannan, kome shekarunsa, leƙe yake bukata cikin gaggawa, ba sauyin magani ba.

Ana yin leƙe da gwajin nama a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin tarayya, irin su na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Aminu Kano, da na Sakkwato, da Maiduguri, da Jos, da Ibadan, da Legas, da Inugu, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Hanya ita ce a fara da asibiti mafi kusa a karɓi takardar turawa. Wanda aka yi wa gwaji ya tabbata ya koma ya karɓi sakamakonsa, don kwalabe da yawa ana duba su masu su ba su dawo ba. Ya nemi kwafin takardar leƙen da ta gwajin naman, ya tambayi likita tsawon shimfiɗar, da ko an ga bauɗewa, da ranar da zai dawo, ya sa a rubuta masa, ya adana takardun inda ruwa da gara ba za su taɓa su ba, ya riƙo su duk ran da zai ga wani likita.